Injin huda taskar banki yana ta tsaya mini a Payday 2

Tambaya: Yaya, barka da aiki. Kwana uku ke nan ina fama da fashin bankin Harvest & Trustee a wasan Payday 2. Da na kafa injin a ƙofar taska sai ya yi ta tsayawa, kafin ya gama 'yan sanda sun gama da ni. Kwamfutata ce ke da matsala?
Wani ɗalibi daga Zariya

Amsa: Ƙanena, kwamfutarka lafiyarta lau. Haka kamfanin Overkill na Suwidin ya gina wasan tun fitowarsa a 2013: da gangan injin ke sarƙewa. Aikin hudar minti 6 ne, kuma duk lokacin da ya tsaya, agogon ma tsayawa yake yi har sai ka je ka tayar da shi. Saboda haka kada ka yi nisa. Da ka ji ƙarar ta canza zuwa "ɗit-ɗit", ruga.

Ni dai na fi son shiga a sace. Nemo manajan bankin ka karɓe katinsa, ka buɗe ɗakin kyamarori, ka ɗaure mutanen da ke zaure kafin wani ya kira 'yan sanda. Kowane mai gadi ka kayar, amsa oba-obarsa nan take. Sau 4 kawai ake lamunta, na biyar asiri ya tonu. Sai bayan nan ka ɗauko jakar injin a wurin ajiye motoci.

Ka riƙo zarton OVE9000, domin buɗe akwatunan cikin taskar da hannu yana cin lokaci ƙwarai.