Maigidana Ya Kamu Da Farautar Namun Daji A Ƙasashen Waje

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Shekararmu 17 da aure, 'ya'yanmu biyar. Shekara shida da suka wuce wani abokin kasuwancin maigidana ya kai shi yankin Limfofo a Afirka ta Kudu, inda ake biyan daloli a shiga daji da ɗan jagora a harbi dabba. Tun daga ranar ya canza. Da damina yana can ko Namibiya, da rani ya nufi arewacin Kamaru wajen Garwa. Da barewa ya fara, yanzu ɓauna yake bi, yana maganar zaki. Falonmu ya cika da kawunan dabbobi. Ko yana gida hankalinsa na kan hotunan daji a waya. Bara ya karɓi sarƙata ta gwal da sunan aro ya biya kafin-alƙalamin tafiya, har yau shiru, kuɗin makarantar yara kuma ya makara zango biyu. Da na yi magana sai ya ce wani malami ya gaya masa halal ne, har da lada, tunda ana raba wa mutanen ƙauye naman. Ya taɓa ba ni labari yana alfahari cewa ya ƙyale wani ƙaton gwanki mai ƙiba saboda ƙahonsa gajere ne, ya ƙara kwana uku yana neman mai dogon ƙaho. Malam, wannan farauta halal ce? In ƙone kawunan nan? Ko ina da ikon neman saki?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya yaye miki wannan damuwa. Na ga kin sa labarin gwanki a ƙarshe kamar wani ƙarin bayani, alhali a kansa rabin hukuncin ya rataya.

Farauta don a ci ko a sayar halal ce, babu saɓani. Abin da harsashi ya kashe ma ana ci idan an ambaci sunan Allah, malamanmu na baya-bayan nan sun daɗe da wuce wannan. Amma mai neman nama ba ya ƙyale dabba mai ƙiba ya ƙara kwana uku a daji saboda tsawon ƙaho. Da bakinsa maigidanki ya faɗi niyyarsa: kai yake nema na ratayewa a bango.

Yanzu ga maganar da aka gaya masa. Ba zan ce ba ta da tushe ba. Imam Malik ya karhanta farauta don wasa, haka ma yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, kuma mafi yawan malamai sun saɓa masa sun ce ya halatta. Sai dai wanda ya ba maigidanki amsa ya ɗauki kan maganar ya bar wutsiyarta. Ibn Hajar da ya kawo wannan saɓani a Fathul Bari ya haɗa halaccin da sharaɗi: mafarauci ya yi nufin halatta dabbar, wato kashe ta yadda shari'a ta yarda a ci, da kuma amfana da ita. In babu wannan nufi, ya ce haramun ne, domin halaka rai ne a banza. A wurin ne ya kawo maganar Laisu bn Sa'ad cewa bai san wata gaskiya da ta fi kama da ɓarna kamar farauta ba. A Mukhtasar Khalil kuma an faɗa ƙarara cewa haramun ne a farauci dabbar da ake ci ba da niyyar halatta ta ba. Ashe ko a wajen masu sauƙaƙawa, ƙofar ba a buɗe take ga kowa ba.

Sai batun naman da ake rabawa. Ina so a yi wa maigidanki tambayoyi uku, ya amsa tsakaninsa da Allah. Yana yin bismillah lokacin da zai danna kunamar bindiga, ko hankalinsa na kan ƙaho? Idan aka tarar da dabbar da sauran rai, yanka ta ake yi, ko ƙara mata harsashi? Na tambayi wannan ne domin masu ɗura fatar dabba don ado ba sa son a yanka wuya, yanka yana ɓata fatar da za a rataya, alhali dabbar da aka riska da cikakken rai ba ta halatta sai da yanka. Na uku, idan ɓauna ta ji rauni ta juyo, wa ke ƙarasa ta? Sau da yawa ƙwararren ɗan jagoran ne, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya abin da wanda ba Musulmi ba ya kashe a farauta ba a ci. Idan ya bar bismillah da gangan, ko aka ƙi yankan, ko wanda ba Musulmi ba ne ya ƙarasa ta, abin da aka raba mushe ne, kuma ba a neman lada da mushe. Ko da duka sun inganta, mutanen ƙauye sun ci halal, shi kuma yana nan da niyyar da ta fitar da shi daga gida. Zakin da yake buri fa, don wane nama za a harbe shi? Wasu zakunan Afirka ta Kudu ma a cikin shinge ake kiwonsu sannan a sake su ga mai biya. Annabi (SAW) ya hana a mayar da abu mai rai abin gwada saiti, Muslim ya ruwaito. Nasa'i kuma ya ruwaito cewa wanda ya kashe ko da ɗan tsuntsu ne ba bisa haƙƙinsa ba, Allah zai tambaye shi, haƙƙin kuwa shi ne ya yanka ya ci, kada ya cire kai ya jefar. An yi magana a kan isnadinsa, amma ma'anarsa na da goyon bayan na Muslim.

Wataƙila ya ce miki yana da lasisi, kuma kuɗinsa na taimakon gandun daji. Gwamnatocin ma ba su daidaita a kan wannan ba: Kenya ta hana irin wannan farauta tun 1977, Botswana ta hana a 2014 ta sake buɗewa a 2019. Lasisi yana kare shi daga hukuma. Ba ya gyara niyya, ba ya biyan kuɗin makaranta.

Rabin hukuncin na biyu ya fi sauƙi kuma ya fi nauyi. Da a ce farautarsa ta tsira daga duk abin da na lissafa, da ta haramta a kansa daga ranar da ta ci haƙƙin iyalinsa. Sarƙarki bashi ce a wuyansa, miji ba shi da iko a kan dukiyar matarsa sai abin da ta ba shi da daɗin rai. Ki rubuta nauyinta da ranar da ya karɓa, ki sanar da mutum biyu amintattu. Yin haka ba rashin kunya ba ne, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Kawunan kuwa, kada ki ƙone. Dukiyarsa ce, kuma wutar za ta koma kanki, ya samu abin faɗa a gaban danginku. Ki nemi a kwashe su daga falo. Idan akwai fatar da aka shimfiɗa kuma ba ki da tabbacin an halatta dabbar, kada a yi salla a kai.

Saki kuma, shari'a ta ba mace damar kai ƙara gaban alƙali a raba auren saboda cutarwa bayyananna, kuma tauye ciyarwa da ƙaurace wa shimfiɗa suna ciki. Haƙƙin yana nan. Sai dai daga wasiƙarki ban ga macen da ta gaji da mijinta ba, na ga wadda take son a dawo mata da shi. Don haka kada ki fara da nan.

Ki san abin da kike fama da shi. An ruwaito daga Ibn Abbas, a Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i, cewa wanda ya bi farauta zai gafala. Wannan sana'a ta masu kuɗi an gina ta ne a kan jeri: ka samu barewa a nuna maka gwanki, ka samu gwanki a ce saura ɓauna, daga nan a lissafa maka manya biyar, zaki da damisa da giwa da ɓauna da karkanda. Wanda ya samu kuma sai a ce akwai mai ƙaho da ya fi nasa. Shi ya sa duk alkawarin "wannan ce ta ƙarshe" ba ya cika. Ba ke kika gaza ba, kuma ba kwalliya ko girki ne zai warware shi ba, kada kowa ya ɗora miki wannan.

Lokacin da Abu Darda'i ya shagala da ibada har ya bar iyalinsa, matarsa Ummu Darda'i ta gaya wa Salman, ɗan'uwansa na Musulunci da yake jin maganarsa, Salman ya kwana a gidan ya ce masa iyalinka suna da haƙƙi a kanka, Annabi (SAW) kuma ya gaskata Salman. Ibada ce fa ta shagaltar da wancan. Ki nemo wanda maigidanki yake jin nauyinsa, yayansa ko kawunsa ko limaminku, ba abokan tafiyarsa ba. A zauna ba a gaban yara ba, a kuma nemi abubuwa takamaimai: a biya kuɗin makaranta na shekara kafin a sayi tikiti ko ɗaya, a sa ranar dawo da sarƙa, a dakatar da tafiya shekara guda cur. Idan daji yake so, ga Yankari a Bauchi, ya kwashe ku duka ku je ku ga giwaye da ransu, yara su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki.

Shi kuma, idan wannan amsa ta kai gare shi: Alhaji, ka duba sallolinka a waɗancan sansanonin, ka duba abin da ake sha a teburin da kake zama da dare, ka kuma lissafa kwanakin da ka yi a daji bana da waɗanda ka yi kana sauraron 'ya'yanka.

'Yar'uwa, idan an yi zaman ya ƙi, ko ya ɗauki alkawari ya sake taɓa kuɗin ciyarwa, to ki sa waliyyinki a gaba ku je wajen alƙali, ki tafi da takardar bashin da shaidunki, babu laifi a kanki. Wallahu a'alam.