Kwan fulorasan ko mai zare: wanne ya dace da makunnin zamani?

Tambaya: Na sa makunnin da ake sarrafawa da wayar hannu. Da na cire kwai mai zare (irin na da, mai siririyar waya a ciki) na ɗaura fulorasan mai murɗe, sai ya zama ko na kashe shi yana ƙyaftawa cikin dare. Makunnin ne ya lalace?

Amsa: Malam, da wuya in laifin makunnin ne. A kashe wuta daga babban akwati, mai gyara ya buɗe bayan makunnin ya duba. Idan babu wayar nutiral a ciki, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, to makunnin ta cikin kwan yake jan 'yar wutar da yake aiki da ita, ko da an kashe. Kwai mai zare yana barin wannan 'yar wuta ta wuce ba tare da ya yi ko ja ba. Shi kuwa fulorasan akwai kafasita a gindinsa, tana tara wutar kaɗan-kaɗan, in ta cika sai kwan ya yi walƙiya, a sake sabon lale. Wannan ƙyaftawa tana rage wa kwan tsawon rai.

Gyaran da ya fi, shi ne a jawo nutiral, a sa makunni mai rile, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa wuta da yanke ta a ciki, wanda za ka ji ƙas in ya kama. In jawo wayar zai sa a fasa bango, a haɗa kafasitar da kamfanin makunnin ya tanada a tsakanin wayoyi biyu na kwan, can sama wurin fitilar. Kuma kada ka kuskura ka haɗa fulorasan da makunni mai rage haske, sai in an rubuta a kwalinsa cewa ana iya rage shi. Zai yi ta ƙugi, gindinsa ya yi zafi, ya mutu da wuri.

Tambaya: Fulorasan ya fi tsada a kanti. Yana mayar da kuɗinsa kuwa?

Amsa: Hajiya, ki yi lissafi da mita. Kwai mai zare na wat 60 da fulorasan na wat 14 haskensu kusan ɗaya ne. In kina kunnawa awa 5 kullum, na farko zai sha kimanin yunit 110 a shekara, na biyu 26. Mai zare yakan yi awa 1,000, fulorasan kuwa yakan kai 8,000, wato kwai takwas ke nan a madadin ɗaya.

Sai dai wannan lissafi na fitilar da ke daɗewa a kunne ne. Yawan kunnawa da kashewa na cinye fulorasan, don haka bai dace da makunnin da ke jin motsi a banɗaki ko matakala ba. Nan LED ya fi. Ki kuma karanta bayan makunnin, domin akwai wanda ke ɗaukar wat 600 na mai zare amma 150 kacal na fulorasan, saboda fizgar wutar da yake yi a daidai lokacin kunnawa.