Alhaji, kafin ku sa tubali ku fara ƙirga yaran tukuna

Assalamu alaikum jama'ar gida. Alhaji barka da wannan niyya, Allah ya karɓa. Na ga tambayarka cewa ku 'yan kasuwa 'yan asalin nan da ke zaune Duwala kun haɗa kuɗi domin marayu, kuna shawara ko ku gina gidan marayu a Marwa ko ku miƙa wa wata babbar ONG, wato ƙungiyar agaji mai zaman kanta, ta yi aikin. Na daɗe cikin ƙungiyar mata ta unguwarmu muna wannan hidima, toh bari in faɗi abinda idona ya gani.

Gaskiya ni ban goyi bayan ginin ba, ko da kuɗin ya isa. Maraya a wurinmu wanda ubansa ya rasu ne kafin ya balaga, kuma in ka shiga gida gida zaka tarar mafi yawansu uwarsu na nan da ranta, ko kaka, ko goggo, abinda ya gagare su shine ci da sha da kuɗin lekol, wato makaranta, ba wai an rasa mai son yaron ba. In ka buɗe gida mai katifa da abinci sau uku wallahi kafin wata biyu ya cika, har da yaran da iyayensu duka biyu ke raye, talauci ne zai sa a kawo maka su a ce marayu ne, kuma ba zaka iya zarginsu ba. Sai ka raba yaro da uwarsa da ƙannensa, ya tashi bai san danginsa ba, ranar da ya girma aka sallame shi ina zai nufa, wa zai tsaya masa wajen neman aure? Ko Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙa'idojin da ta amince da su a 2009 ta ce talauci shi kaɗai bai isa dalilin raba yaro da gidansu ba. Ga albashin masu dafa abinci da mai gadi da wuta da ruwa, duk wata, ko kasuwa ta yi kyau ko bata yi ba. Akwai yaran da basu da kowa ɗin da gaske, jariri da aka tsinta ko wanda rikici ya cinye danginsa kaf, su wannan sai a bi ta santar sosiyal, wato ofishin ma'aikatar jin daɗin jama'a, amma su ne 'yan kaɗan.

Abinda nake so ku fara da shi, kuma nan ne zan daɗe, shine takardar haihuwa, akt ɗin nan. Mutane basa ganin girman wannan matsala sai yaro ya kai CM2, ajin ƙarshe na firamare. Yarinya tana ƙoƙari, malaminta yana yabonta, lokacin haɗa takardun CEP, jarabawar gama firamare, da jarabawar shiga siziyem, ajin farko na sakandare, ya zo sai a ce ina akt, babu, a gida aka haife ta, uban da zai bi sawu ya rasu. Akwai wadda na sani da ta zauna tana kallon 'yan ajinsu suna tafiya jarabawa ita tana riƙe da farantin gyaɗa, shekara na zagayowa aka fara maganar aurenta. In lokacin da doka ta ba da na sanar da haihuwa ya wuce, sai an bi ta kotu an samo jijman, wato hukuncin alƙali, kafin meri, ofishin magajin gari, ta rubuta akt, a nemo shedu, a je asibiti likita ya kimanta shekarun yaro, ga kuɗin tambur da ake mannawa takarda ga na mashin, matar da ta fito takaba jiya ina zata iya wannan zirga zirga? Amma ku in kun tara sunaye da yawa kun je kun sami magajin gari da jauro ko lawan na unguwa, ana iya shigar da su cikin zaman kotun tafi da gidanka da ake yi lokaci lokaci, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ku haɗa da takardar rasuwar uban ma, don masu kafala, wato ɗaukar nauyin marayu, na ƙasashen Larabawa sai sun gan ta suke rubuta yaro.

Bayan nan lekol. Tun shekarar 2000 aka ce firamaren gwamnati kyauta ce a Kamaru, amma kowa ya san akwai kuɗin APEE, ƙungiyar iyayen yara da malamai, ga kayan makaranta ga littattafan rubutu da na karatu, a rantire, wato komawa makaranta a Satumba, ake zubar da yara da yawa, daidai lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai shigo ba. Kuɗin makaranta ku biya a hannun direkta ku karɓi rasit, kar ku ba kowa ya kai. Buhun dawa ko gero kuwa a Yuli da Agusta ya fi amfani, ba sai azumi ba da kowa ke rabo har abinci ya yi wa wasu yawa.

Sai uwar. In ta tsaya da ƙafarta yaran sun tsaya. Jari kaɗan na tuyar ƙosai, man gyaɗa da ƙuli ƙuli, awaki biyu, ko injin markaɗe in su uku ne su haɗu, a sa ta cikin adashi. Kuma dan Allah ku tambayi maganar gado, sau da yawa maraya ba matalauci bane, baffa ne ya zauna kan gona ko gida, nan malami da alƙalin lamido zasu fi kuɗinku aiki. Wannan ma ya shafi zakka, maraici kaɗai baya sa a ci zakka sai in yaron mabuƙaci ne, ku tambayi malamanku kafin ku cakuɗa zakka da sadaka a asusu ɗaya.

Maganar manyan ONG da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ban ce basa aiki ba. UNICEF da PAM mai rabon abinci da ƙungiyar Plan sun yi ƙoƙari a yankin nan, musamman tun da rikicin Boko Haram ya tarwatsa mutanen Kolofata da Amchide da Fotokol, ga sansanin Minawawo kusa da Mokolo da aka buɗe tun 2013. Sai dai su aikinsu shiri ne mai wa'adi, kuma kuɗin da mai tallafi ke turowa da sunan yaro a irin tsarin Plan al'umma ake yi wa aiki da shi, rijiya ko aji, ba hannun yaron yake shiga ba. Naku kuɗin in ya shiga can kamar ɗigon ruwa ne a Binuwai, alhali a unguwa ɗaya zai canza gidaje. Masu saka hoton yara a Facebook da lambar Orange Money kuwa ku ce su nuna resepise na ferfektir, wato takardar shaidar rajistar ƙungiyarsu daga hukuma, ku tura mutum ya ga yaran da idonsa.

Ku ma ku yi rajistar taku ƙungiyar a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi ta 1990, mutum biyu su riƙa sa hannu kafin kuɗi ya fita, wata mata mai amana a unguwar ta riƙa leƙa gidajen. Ku ɗauki adadin da zaku iya riƙewa har su gama makaranta ko su koyi sana'a, ko goma ne, don yanke wa yaro tallafi a tsakiyar shekara yana da ciwo sosai, na ga uwar da ta ci bashi da sa ran kafalar da bata sake zuwa ba. Kuma banda jera yara a rana da leda a hannu ana ɗaukarsu hoto, suna jin kunya, 'yan ajinsu na gani a waya suna tsokanarsu.

Alhaji in kun tsayar da unguwar da zaku fara ka yi min magana ta gefe, akwai matan da suka san gidajen ɗaya bayan ɗaya, sai mu haɗa ku kafin rantire.