Kamawar haske ba ita ce lafiyar bawul ba

Kai yaro na ga saƙonka tun da asuba. Wai an kawo maka Heathkit SB-220, injin ƙara ƙarfin rediyon hira, na hannu daga Amurka, ka kunna ka ga bawul ɗin guda biyu, kwalaben gilashin nan masu ƙara ƙarfin, sun kama haske fes, shine kake tambaya "Oga ko lafiyarsu ƙalau in ce mai shi ya zo ya ɗauka?" To ni kafin ma mu je nan, wa ya ce ka kunna? Ka duba bayansa ka ga ko a wutar bolt 120 aka ɗaura shi ko a 240? Ka gode Allah wanda ya sayar a 240 ya bar shi, da yanzu ƙaurin taransifoma kake shaƙa ba saƙo kake rubuta min ba. Ku yaran yanzu komai aka ajiye muku sai hannu ya riga kai zuwa makunni.

Hasken da ka gani zaren filamen ne kawai, bolt 5 yake ci da amfiya 14 da rabi kowane ɗaya, kuma irin wannan bawul ɗin, 3-500Z, wanda ya gama mutuwa ma zai haska maka haka ya yi kyau a hoto. Abun da ke kashe mutum yana saman hular bawul ɗin, wajen bolt 3,000 ne, kuma kafasita takwas ɗin nan da ke jere suna iya riƙe wuta bayan ka cire filogi in razistan da ke sauke su ya yanke. Yadda ake sauke su zuwa bodi da sanda ba zan tsaya koya maka ba, in shekara biyu a shagona ba ka san wannan ba ka koma tallan caja.

Amma kafin mita kafin komai, ɗauko biro. Ka rubuta duk lambar da ke jikin gilashin kowane bawul har da ta shekarar da aka ƙera shi, a gaban mai kayan, ya sa hannu. Ka ji dalili, dan har gobe in na tuna raina ɓaci yake.

Shekarun baya wani mutum ya kawo min irin wannan injin sak, babbar riga, mota mai sanyi, baki kamar zuma, wai da daddare yake hira da mutanen Turai da Japan a zangon rediyo na mita 20 yanzu abun ya daina fita. Ina kunnawa ko taɓa makirfo ban yi ba na ga allurar girid ta koma baya, ta filet kuma ta ɗaga, nan na san girid, ragar wayar da ke tsakanin filamen da ƙarfen filet, ya haɗe da filamen a bawul ɗaya. Ɗayan kuma ya gaji, ƙafarsa ɗaya dalmar ta narke ta zube saboda fanka ta cika da ƙura iska ba ta kaiwa soket. Na zauna na sake cika ƙafar nan da dalma da hannuna ko zai tashi, bai ba da ko rabin ƙarfi ba. To ina da wasu bawul ƙirar kamfanin Eimac guda biyu na asali a kwalinsu, gadon maigidana da ya koya min aiki Allah ya jiƙansa, shekara da shekaru ina ɓoyonsu ko matata ba ta san inda suke ba. Mutumin nan ya dinga zarya yana haɗa ni da Allah da Annabi har na ji kunya na fito da su. Kwana uku ina gasa su a hankali kafin na yarda na sake musu cikakkiyar wuta, injin ya fitar da sama da wat 1,000 a gabansa yana ta kabbara. Ya ba ni rabin kuɗi, ya ce a saka masa tsofaffin nasa a leda, na ba shi dan haka sana'a ta gada, kayan mutum nasa ne ko ya mutu.

Kwana tara sai ga shi da injin a but yana ɗaga murya a bakin shago wai na sayar masa da gawa. Na buɗe, Eimac ne biyu a ciki, rubutu iri ɗaya, na kunna allurar girid ta koma baya. Ba takarda ba shaida, mutane sun taru, dattawan layi suka ce malam a yi haƙuri a rufa asiri, na shiga na ƙirgo kuɗinsa na miƙa masa ya zare bawul ɗin ya ajiye min a tebur ya tafi da injinsa. Sai bayan isha na kasa bacci na dawo shago na juya ɗayan a ƙarƙashin fitila, wallahi dalmata ce a ƙafar, aikin hannuna ko a duhu na san shi. Tsofaffinsa ya mayar ya dawo min da su, nawa suna gidansa. Sau huɗu ina zuwa maigadi na cewa ya yi tafiya. Wai wannan shi ne mai sahun gaba a masallaci. Yanzu sababbin da ake samu yawanci na China ne, wasu na aiki ba laifi, amma irin waɗancan biyun ban sake riƙewa ba.

To koma kan naka. Bawul ɗin da ya daɗe a ajiye iska na sulalewa ciki kaɗan kaɗan ta wajen ƙafafu da hula, ka sake masa babbar wuta lokaci ɗaya sai ka ji tau kamar bindiga, ya tafi da mita da zena diyod wani lokacin har girid. Na san za ka ce a YouTube an ce a bar filamen a kunne kwana ɗaya, wannan maganar ba ta 3-500Z ba ce. Ƙananan bawul masu tabon azurfa a gilashi irin 6146, su in tabon ya koma fari kamar alli shikenan ka yar. 3-500Z maganin da ke shanye iskar a jikin filet ɗinsa yake kuma ba ya aiki sai filet ya yi ja. Saboda haka ka sa makunnin injin a CW/TUNE inda wutar ta fi ƙasa, ka haɗa lodin gwaji mai shanye ƙarfin ba eriya ba, ka ba shi ƙarfi kaɗan ka saki, kaɗan ka saki, har ka ga ja mara haske kamar garwashin da ya fara toka, ka riƙe shi a nan ka huta ka sake, ba aikin minti goma ba ne. Ka kashe fitilar shago ka leƙa. In su biyun sun yi ja daidai to madalla, in ɗaya ya yi jajir ɗaya yana baƙi to baƙin ne malalaci, ɗan uwansa ke ɗauke masa kaya. Shuɗin haske a jikin gilashi ba komai ba ne, amma in ka ga wani shuɗi shuɗi mai ruwan hoda a tsakiyar ƙarfunan to iska ce, kashe.

Sai ka auna filamen a kan ƙafar soket ɗin kanta, kar ya wuce bolt 5, ɗan ƙari kaɗan ke cinye shekarun bawul, kuma ka tambayi mai shi ko a janareto zai dinga kunnawa dan wannan hawa da saukar wutar ba ya so. Fankar ma an yi ta ne dan wutar Amurka mai juyi 60 a daƙiƙa, a 50 ɗinmu tana rage gudu, ga ƙurar hunturu, ka wanke ta ka sa mata mai ka duba ƙafafun ko dalma ta fara zufa.

Kar ka kira mai shi yau. Turo min hoton lambobin jikin gilashin tukuna, gobe bayan azahar zan leƙo in gani da idona, kuma ko wa ya zo ko da babbar riga ce kar ka bari ya fita da ko sukuru ɗaya.