Amsa ga mai tambaya kan kwas ɗin injiniyancin tsari ta intanet

Ɗan'uwa, ka ce kana aikin haɗa sola, kana tambaya ko kwas ɗin injiniyancin tsari (systems engineering, wato ilimin tsara aiki gaba ɗayansa yadda sassansa za su yi aiki tare) ta intanet zai ɗaga ka a wurin aiki. Zai taimaka, amma kada ka ɗora wa satifiket ɗin kaya fiye da ƙarfinsa.

Abin da ya fi amfanar da ni a wannan ilimin shi ne rubuta buƙatun wanda za a yi wa aiki tun kafin a sayi ko ƙusa. Na taɓa haɗa wa wani asibiti sola, na yi lissafin fitilu da fankoki, ban tambayi firjin allurar rigakafi ba. Kafin asuba batir ya ƙare, ni kuma na sha kunya. Yanzu sai mun zauna da takarda: me za a kunna, awa nawa, wa zai duba, yaya za mu gwada ranar miƙa aiki. Wannan takardar ce ta sa aka fara ba ni jagorancin aiki.

Maganar shaida kuwa, ka nemi kwas ɗin da ke shirya mutum wa jarrabawar INCOSE, ƙungiyar injiniyoyin tsari ta duniya da aka kafa a 1990. Matakin farko na satifiket ɗinta, ASEP, ba ya buƙatar shekarun aiki, na gaba da shi kuma, CSEP, sai kana da shekarun aiki a fagen. SEBoK, kundin ilimin injiniyancin tsari da ke intanet, kyauta ne, ka fara leƙa shi kafin ka zuba dala, don kuɗin kwas da jarrabawa ba na wasa ba ne.

In a Najeriya kake, satifiket ɗin ba ya maye gurbin rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista. Kamfanonin waje ne suka fi sanin darajarsa.