Katunan hoto ko manhajar waya: wanne zan saya don ɗana ya koyi Holanci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a Rotterdam, ɗana yana da shekara uku da rabi, kuma Hausa muke yi a gida. Ina so ya san kalmomin Holanci kafin ya shiga makaranta. Shin katunan haɗa hoto da kalma zan saya masa, ko kuwa in biya kuɗin manhaja a waya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Katunan za ki saya, amma ba kowane iri ba.

A Holand yaro yana iya shiga firamare da zarar ya cika shekara 4, ya zama wajibi a shekara 5, amma ba a fara koyar da karatu gadan-gadan sai a ajin da suke kira groep 3, lokacin da yake kusan shekara 6. Saboda haka rubutun da ke ƙasan hoton domin ke aka yi shi a yanzu, shi kuwa abin da zai haɗa shi ne hoton da ya gani da kalmar da kunnensa ya ji daga bakinki.

Kafin ki biya, buɗe kwalin ki duba ko an rubuta de ko het a gaban kowace kalma. Kowane suna a Holanci yana tafiya da ɗaya daga cikinsu: de kip kaza ce, het paard doki ne, kuma babu wata ƙa'ida guda da za ta raba miki su duka, sai dai a san cewa jam'i de yake ɗauka, kalmar ƙanƙantawa mai ƙarewa da -je, kamar het meisje, wato yarinya, ita kuma het. Manya da suka daɗe a ƙasar suna tuntuɓe a nan, amma yaron da ya fara jin het paard a haɗe zai riƙe shi kamar kalma ɗaya. Katin da aka rubuta paard kawai, ki mayar da shi inda kika ɗauko. Ki zaɓi mai kauri, mai hoton abu ɗaya tak, ko da na hannu ne daga shagunan kringloop.

Ki baje kati biyar ko shida a kan darduma, ki tambaye shi "Waar is de lepel?", wato "Ina cokali?", idan ya ɗora yatsa a kan cokali sai ku tafi kicin tare ya ajiye katin kusa da cokalin gaske. Idan ya ce "cokali", ki amsa masa da cewa haka ne, sannan ki maimaita de lepel, domin kalmar Hausar ita ce ginshiƙin da sabuwar za ta jingina a kai. Minti goma a kullum ya wadatar.

Amfanin manhaja ɗaya ne a ganina, wato lafazi, tun da sautin ui na huis da g na maƙogwaro suna ba mu wuya. Ba sai kin kashe kuɗi a kan wannan ba: katin laburare kyauta ne ga yara a mafi yawan garuruwa, kuma shirin VoorleesExpress yana turo mai aikin sa kai ya riƙa karanta wa yaro littafi a gida. Ki kuma tambayi asibitin awon yara, consultatiebureau, ko ɗanki ya cancanci gurbi a ajin share fage na voorschool, tun da saura wata shida ya cika shekara huɗu.