Ya dace a hana jiha tsaurara dokar binne shara fiye da ta tarayya?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina zaune da iyalina a Amurka, kuma ba mu da nisa da wani filin binne shara da ake son faɗaɗawa. Na ji wasu 'yan majalisar jiharmu suna son a kafa doka cewa ka'idojin jiha kan irin waɗannan wurare kada su fi na gwamnatin tarayya tsanani. Ni dai na ga kamar da hankali a maganar, tun da ƙasa ɗaya ce. Me kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Ban goyi bayan wannan ƙuduri ba, kuma dalilina yana cikin yadda aka rubuta ka'idar tarayyar tun asali.

A 1976 majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar RCRA kan shara. A ƙarƙashinta ne hukumar kare muhalli ta tarayya, EPA, ta fitar da ka'idojin filayen binne sharar gida a Oktoban 1991, suka fara aiki a 1993. Sun ce kafin a zuba shara a sabon rami sai an daɓe ƙasansa da yumɓu mai kaurin ƙafa 2, a shimfiɗa roba mai kauri a kai. Baƙin ruwan nan mai wari da ke tsatsowa daga shara dole a riƙa janye shi, kada zurfinsa a kan shimfiɗar ya kai santimita 30. Kullum idan an tashi aiki a rufe shara da ƙasa inci 6. A haƙa rijiyoyin gwaji a kewaye don sa ido kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma bayan an rufe filin mai shi ya ci gaba da kula da shi shekara 30.

Ka'idoji ne masu kyau, su suka kashe tsohuwar bola a buɗe a garuruwa da yawa. Amma EPA da kanta mafi ƙarancin ma'auni ta kira su. Kamar makin cin jarrabawa ne: an ce wanda bai samu 40 ba ya faɗi, ba a ce kada kowa ya wuce 40 ba. Jihohi aka bar wa ba da lasisi da sa ido, aka kuma bar musu ikon ƙarawa. Ƙudurin da kake magana a kai yana son mayar da 40 ɗin ya zama iyakar abin da aka yarda a ci.

Ka ce ƙasa ɗaya ce. A taswira haka ne, amma mu da muke aiki da ƙasar da ake haƙawa mun san ba ɗaya ba ce. A Arizona ruwan sama kaɗan ne, a wurare da dama kuma sai ka yi nisa kafin ka taɓo ruwa. A Florida kuwa ruwan yana kusa da sama, ƙarƙashinsa dutsen farar ƙasa ne mai ramuka, abin da ya zube yau yana iya yin tafiya mai nisa cikin ɗan lokaci. Ita ma ka'idar tarayya ta san da haka, shi ya sa ta sassauta wa ƙananan filaye masu karɓar ƙasa da tan 20 a rana a yankunan da ruwan samansu bai wuce inci 25 a shekara ba. Idan an yarda a sassauta don bushewar wuri, me zai hana a tsaurara don laimarsa? Jihar New York shimfiɗa biyu take buƙata maimakon ɗaya, da bututun gano yoyo a tsakaninsu, don a san ta sama ta huje tun kafin ruwan ya kai ga rijiyar wani.

Abin da ya fi damuna shi ne inda tarayya ta yi shiru. Filayen da ake zuba ɓaraguzan gini kaɗai, ka'idar tarayya ba ta wajabta musu shimfiɗa ba. Sinadaran PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa kuma ake samunsu a ruwan shara, ba sa cikin jerin abubuwan da ka'idar 1991 ta ce a gwada. Tokar kwal daga tashoshin lantarki sai a 2015 ta samu ka'idar tarayya ta musamman, bayan da madatsar toka ta ɓalle a Kingston ta jihar Tennessee a Disamban 2008, wata tokar kuma ta kwarara kogin Dan a North Carolina a Fabrairun 2014. Duk tsawon shekarun nan, jihar da ta ɗaure kanta da ma'aunin tarayya sai ta zauna jiran Washington.

Masu ƙudurin ma suna da abin faɗa. Shimfiɗa ta biyu kuɗi ce, kuma a aljihun mai gida take faɗawa ta hanyar kuɗin kwashe shara. Kamfanin da ke aiki a jihohi goma zai so ka'ida ɗaya. Sai dai akwai inda lissafin ke juyewa. Tun 1978, a shari'ar birnin Philadelphia da jihar New Jersey, Kotun Ƙoli ta hana jiha rufe ƙofarta ga sharar wata jiha, ta kuma sake jaddada hakan a kan Michigan a 1992. Shara kuwa inda zubarwa ya fi araha take bi. Jihar da ta hana kanta tsaurarawa alhali maƙwabtanta sun tsaurara, ita za a riƙa yi wa jigilar tireloli.

Michigan ɗin ta gwada irin wannan doka. A Disamban 2018 gwamna Rick Snyder ya sa hannu a kan dokar da ta hana hukumomin jihar wuce ma'aunin tarayya sai da ƙwaƙƙwarar hujjar buƙata. A 2023 majalisa ta soke ta, gwamna Gretchen Whitmer ta sa hannu.

Shawarata, Malam, ka nemo rubutun ƙudurin a shafin majalisar jiharku ka karanta da idonka. Duba ko ya bar ƙofa idan hukuma ta kawo hujjar kimiyya, da abin da ya ce game da wuraren da tarayya ba ta da ka'ida kwata-kwata, da kuma ko zai shafe ka'idojin da ke aiki yanzu ko sababbi kawai zai hana. Sannan ka tambayi hukumar muhallin jiharku sakamakon rijiyoyin gwajin filin da ke kusa da ku, ka tafi da shi zaman jin ra'ayin jama'a kan faɗaɗawar. Idan kuma rijiya kuke sha a gida, a kai ruwan ɗakin gwaji tun yanzu, kafin a fara haƙa sabon rami, don ku samu abin da za ku kwatanta da shi nan gaba.